Mai gyara ya ce sai an fitar da ruwan tanki kaf, ina mafita?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar famfo ku taimaka min da shawara. Tankinmu na sama, baƙin roba mai lita 2,000, ya fara yoyo daga gindi, daidai inda bututu ya fito daga jikinsa. Da ɗiga yake yi, yanzu ya koma tsiyaya, ruwa na bin ƙarfen da tankin yake kai har ƙasa. Mai gyara ya hau ya duba, ya ce makullin da ke ƙasan tankin ya cije, ba ya rufuwa, kuma ba zai taɓa komai ba sai an fitar da ruwan duka. Ga shi sayen ruwan nan muka yi a wurin masu tanka, ko kwatarsa ba mu taɓa ba. Kun san yadda Tumfure take a bazara. Baban Ilham ba ya gari, ya ce in yi abin da ya dace. Dole ne sai an zubar?

Ɗan Pantami: Wa alaikumus salam. Anti kada ki yarda, nemi wani mai gyaran. Makulli kawai ake rufewa a yi aiki. Wa yake zubar da ruwa a Gombe cikin wannan zafin?

Bappa mai famfo: Ɗana, sake karanta abin da ta rubuta. Makullin ne ya cije, na ɗaya ke nan. Na biyu, ko da yana rufuwa lafiya lau ba zai amfana mata komai ba, don yoyon yana samansa ne, tsakaninsa da jikin tanki. Makulli yana tare ruwan da zai gangara cikin gida ne kawai. Duk abin da ya lalace daga makulli zuwa ƙasa, famfon kicin ne, shawa ce, bututun cikin bango ne, ka rufe ka yi aikinka, tanki na cike ba ruwanka. Amma abin da ya lalace daga makulli zuwa sama, ruwan tanki na kansa, ba yadda za ka yi. Mai gyaran nan gaskiya ya faɗa mata, kada a ɓata shi.

Hamma Injiniya: Bappa, ba na ja da kai, amma akwai dabarar da na ga ana yi. A buɗe murfi, a naɗe tsumma cikin leda a bakin sanda, a toshe ramin daga ciki. Nauyin ruwan da kansa zai ƙara danne shi. Sai a kwance makullin a sa sabo cikin 'yan mintuna, ruwan da zai zuba bai wuce bokiti ba.

Bappa mai famfo: Injiniya, dabarar tana yi, ni ma ina yin ta, amma tana da wurinta. Bakin tanki iri biyu ne. Akwai wanda aka yi shi da zare tun daga kamfani, kana murɗa naka ne kawai daga waje. Idan yoyon daga zaren ne, to toshewa ta wadatar: ka kwance, ka naɗa farin tef sabo, ka mayar. Akwai kuma wanda huda tankin aka yi aka zura ƙarfe ko roba mai kai, da zoben roba daga ciki, aka ɗaure da noti daga waje. Wannan idan zoben ya mutu, dole hannu ya kai ciki ya riƙe, kuma ba wanda zai yi haka ruwa na iya ƙirjinsa a kan ƙarfe mai tsawon bene. Sannan gam ɗin bututu ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Za ka ga kamar ya kama, bayan sati ya sake. Koren bututun nan da ake haɗawa da injin zafi ma haka, ɗigon ruwa ɗaya a baki ya isa ya ɓata haɗin. Maman Ilham, tambaye shi: zaren ne yake yoyo, ko jikin tankin?

Maman Ilham: Bappa na kira shi yanzu. Ya ce robar tankin ce ta ɗan tsage a gefen bakin, kamar tsawon ɗan yatsa. Wai bututun da ya sauko ba a ɗaure shi da ƙarfen ba, yana lilo, shi ya yi ta jan bakin har ya tsage.

Bappa mai famfo: To magana ta ƙare 'yata, sai an fitar, kuma sai wurin ya bushe ƙarau. Kar ki jinkirta. Tsagar roba ba ta tsayawa inda ta fara, kuma gindin tanki nan ne nauyin ruwa ya fi taruwa. Gara ki fitar da shi da hannunki da ki tashi cikin dare ki ji yana kwarara.

Hamma Injiniya: Na sallama. Tunda tsaga ce, toshewa ba za ta yi ba.

Goggon Yara: Ni abin da yake damuna tun ɗazu, kowa cewa yake a zubar, a zubar. Wa ya ce fitar da ruwa daga tanki yana nufin a malalar da shi a ƙasa? Juye shi za ki yi, 'yar nan. Lita 2,000 jarka 80 ne na mai lita 25. Da yawa, amma ba abin da zai gagari unguwa ba ne. Fara da gidanki: randuna, durom, bahon wanka, bokitai, manyan tukwanen biki idan kina da su, har kulolin da suke ajiye a sito. Na sha da na girki ki fara ɗiba tun tankin yana cike, lokacin ruwan yana garai, ki rufe su da kyau. Sai ki aika maƙwabta su kawo jarkokinsu. Waɗansu ki ce aro kike yi ki ajiye, waɗansu ki ce su ɗiba kyauta. A bazarar nan wadda kika ba jarka biyar ba za ta manta ba, ranar da naki ya yanke ita za ta fara aiko miki.

Sannan ki ɗaga wa mai gyaran ƙafa zuwa jibi, gobe ki tara wanki. Labule, zannuwan gado, darduma, kafet, barguna da aka ajiye tun bayan hunturu ba a wanke ba. A wanke bayi da tsakar gida. Idan akwai masallaci ko makarantar allo kusa da ku, ki aika a gaya wa malam ya turo yara da bokitai. Ladan da za ki samu ya fi kuɗin tankar.

Ummu Khalil: Goggo kin gama magana wallahi. Ki ƙara da 'yan ga-ruwa. Mu lokacin da muka yi namu a Bolari, mai kurarmu muka kira, ya cika jarkokinsa a gidanmu ya je ya sayar, daga baya ya riƙa kawo mana a madadinsa muna biyansa ladan turi kawai. Idan kina da wanda kuka saba, ki gwada.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Goggo, hankalina ya ɗan kwanta. To ta ina zan fara? In buɗe famfunan gida ne kawai?

Hamma Injiniya: Kafin ki buɗe komai, akwai abubuwan da za ki fara kashewa. Ki tabbatar ba abin da yake shiga tankin. Idan kuna da injin da yake tura ruwa sama, ki cire shi daga soket gaba ɗaya, kashe makunni bai isa ba, yaro zai iya kunnawa. Masu sumo, wato injin da ke cikin burtsatse, da aka sa wa na'urar da take kunna kanta idan ruwa ya yi ƙasa, su wannan ya fi shafa: kana fitarwa tana cikawa, ko kuma a kawo wuta mai gyara na tsakiyar aiki ruwa ya zubo masa a ka. Waɗanda suke kan layin ruwan dam ɗin Dadin Kowa kuma su rufe makullin shigowa, in babu su ɗaure sandar ƙwallon nan mai yawo a cikin tanki ta tsaya a sama.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne hitar wanka. Ki kashe ta daga bango tun kafin ruwa ya fara raguwa. Ƙarfen da yake zafafa ruwan an yi shi ne ya zauna cikin ruwa, in ya yi zafi a bushe nan da nan yake ƙonewa. Haka injin ƙara ƙarfin ruwa idan kuna da shi, da injin wanki.

Sai ki sassauta murfin tankin iska ta samu hanyar shiga, ki ɗibi ruwan a famfon da ya fi kowanne ƙasa a gidan, yawanci na tsakar gida. Kuma ki ba abin lokaci. Idan famfon yana cika jarka mai lita 20 cikin minti 2, lita 2,000 zai ci minti 200, sama da awa 3 ke nan ba tsayawa, kuma ƙarfinsa raguwa yake yi yayin da ruwan yake sauka. Kada ki ce da safen da mai gyara zai zo za ki fara.

Bappa mai famfo: Duk daidai ne. Abu ɗaya zan ƙara, kuma shi ne yake dawo mana da aiki gidajen mutane. Kada ki bari ƙarshen ruwan ya bi ta famfunan gida. Ƙasan kowane tanki akwai laka da rairayi a kwance, na tanka ne ko na burtsatse, balle in an yi hunturu murfi bai zauna daidai ba. Da ruwa ya kusa kaiwa bakin bututu sai ya fara jan wannan guggubin. Washegari shawa ta toshe, tankin masai ya ƙi tsayawa da zuba, 'yar ragar bakin famfo ta cika da yashi. Da kin ga saura kamar taƙi ɗaya a saman bakin, ki rufe famfuna. Sauran a fitar da tiyo ta sama.

Yadda ake yi: a cika tiyon da ruwa tun a ƙasa, a toshe bakunan biyu da babban yatsa, a tsoma ɗaya cikin tankin har gindi, a saki ɗayan a ƙasa. Muddin bakin waje ya fi ruwan ciki ƙasa, zai yi ta ja da kansa. Kada yaro ya sa baki ya zuƙa, wannan ruwan ba na haɗiya ba ne. Ɗan abin da ya rage a kwashe da kofi da soso.

Baban Amir: Ni fa ina ganin an tsawaita. A kwance bututun daga gindi kawai, cikin rabin awa ya fita ta kwata, a yi gyara a sayi wani ruwan. Lokacin mutum ma kuɗi ne.

Ummu Khalil: Haba Baban Amir. Ta wace kwatar? Yawancin lungunanmu ba magudana, ƙofar gidan wani zai je ya kwanta, yara su yi ta facal-facal, bayan 'yan kwanaki sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Kuma mu a Gombe da zaizayar ƙasa take cinye mana gidaje, kowa ya san yadda kwari yake farawa, daga 'yar hanyar ruwa ne. Hakkin maƙwabci ba wasa ba ne.

Baban Amir: Ban ce a cuci kowa ba Hajiya. Gidana akwai lambatu har bakin titi, shi ya sa na faɗi haka.

Mai walda na Bagadaza: Ko da lambatu, yallaɓai, kada a kwance daga gindi tanki na cike. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin nan tan 2 yake ɗauke da shi, nauyin buhun siminti 40. Idan ruwan ya zubo a gindin ƙarfen ya jiƙa ƙasar da ƙafafun suke ciki, ƙafa ɗaya ta ɗan nutse, ranar da aka sake cikawa ƙarfen zai karkata. Kuma wanda ya kwance bututun yana kan tsani, ruwan a fuskarsa zai fito.

Sai wani abu da ba a ambata ba. Tankin roba in babu ruwa ba shi da nauyi, mutum biyu suna ɗaga shi. Yanzu ga hadarin farkon damina ya kusa, iskar da take zuwa kafin ruwa tana yaye kwanon gida balle tanki. Na sha ɗora wanda iska ta jefo ya fashe. Idan zai kwana ba ruwa, a ɗaure shi da igiya a jikin ƙarfen ta kusurwa huɗu. Kuma tunda an samu ya zama fanko, a duba katako ko farantin da yake zaune a kai, a duba walda da tsatsa. Gindin tanki yana son shimfiɗa a miƙe, ba sanduna uku da rata a tsakani ba.

Adda Nas: Maman Ilham, tunda Allah ya kawo wannan dalilin, kada ki bari a mayar da ruwa ba a wanke tankin ba. Mutane suna shekaru suna sha daga tankin da ba su taɓa leƙa cikinsa ba. A goge bangon ciki da buroshi mai dogon hannu, a kwashe lakar. Kada a zuba garin sabulun wanki, kumfarsa wahalar ɗaurayewa gare ta. A samu ruwan bilic na wanki wanda ba a sa masa ƙamshi ba, kamar rabin kofin shayi a babban bokitin ruwa, a shafe ko'ina da shi, a bar shi rabin awa, a ɗauraye sosai, a fitar da ruwan ɗaurayar ta tiyo. Kuma don Allah kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai ko wani sinadari wai don ya fi ƙarfi. Haɗin yana tayar da iska mai guba, a cikin tanki kuwa ba inda za ta fita sai hancin mai wankin.

Ki duba murfin ma. In ya fashe ko ba ya murɗuwa, ƙadangare da tsuntsu suna faɗawa, rana kuma na shiga ta tsirar da gansakuka.

Ɗan Pantami: Adda, mu ƙaramin yaro muke sawa ya shiga ciki ya wanke, ya fi fita.

Adda Nas: Ku daina, don girman Allah. Baƙin tanki a ranar Gombe, cikinsa ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, ga ƙaramin baki, ga warin bilic, ga tsawo. In yaron ya jigata ta ina za ku ciro shi? Idan dole sai an shiga, a sauko da tankin ƙasa a kwantar da shi a inuwa, babba ya yi, da sassafe, wani na tsaye a bakin. Masu rijiyar ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa kuma ku ji da kyau: ba a sauke injin fetur ko janareta a ciki don zuƙe ruwa. Hayaƙinsa ba a ganinsa, yana kashewa, kuma wanda ya shiga ceto shi ma yakan tafi.

Bappa mai famfo: Ai in tsaga ce ma sauko da shi ya fi. Ana liƙe robar da zafi, amma ni ban cika yarda da liƙi a daidai baki ba, don nan ne ake murɗawa ana ja. Na fi son a liƙe tsagar a toshe tsohon bakin gaba ɗaya, a huda sabo a gefe mai lafiya, ɗan sama da gindi yadda laka za ta samu wurin kwanciya. Ki ce ya sa miki makulli mai hannu, wanda ake juyawa kwata ɗaya ya rufe, ba mai kan zobe da ake ta murɗawa ba, shi ne yake cijewa in ya daɗe ba a taɓa shi ba. Bayan makullin a sa mahaɗa mai noti, yadda gobe za a raba bututu da tanki ba tare da an yanka ba. A ɗaure bututun da ƙarfen a wuri biyu ko uku. In da hali a ƙara wani makullin a ƙasa inda hannunki zai kai ba sai an hau tsani ba. Kuma duk wata ki rufe shi ki buɗe sau ɗaya, don kada ya ƙame.

Maman Ilham: Jama'a na dawo da godiya. Mun yi yadda Goggo ta ce, ba abin da ya tafi a banza sai na ƙarshen nan mai laka, shi ma bishiyar darbejiyar ƙofar gida muka ba. Abin da aka kwaso a gindin tankin kuwa, jan tabo ne kusan rabin bokiti, da murfin gora da wata leda. An huda sabon baki, an sa makulli mai hannu sama da ƙasa. Mai gyaran ya ce a bar gam ɗin ya kwana kafin a cika. Allah ya bar zumunci.

Goggon Yara: Alhamdulillahi. Ki mayar wa mutane jarkokinsu a cike.

Baban Sadiq: Salam. Ni daga Bauchi nake, Fadaman Mada, ina ta bin maganar nan a hankali. Gidan haya muke, mu huɗu tanki ɗaya. An fitar da ruwa an yi gyara, ruwan dam ɗin Gubi ya zo tanki ya cika har yana ambaliya, amma famfon ɗakina sai tari yake yi yana fesar da iska, shawa kuwa ko ɗigo. Na maƙwabcina yana zuwa. Mai gyaran ne ya ɓata wani abu?

Hamma Injiniya: Da wuya. Iska ce ta maƙale a bututunka. Ruwan tanki ba shi da ƙarfi sosai, tsawon mita 10 ne yake ba da ma'aunin matsi ɗaya, wato bar ɗaya, yawancin tankunanmu kuwa ba su wuce rabin haka ba. In bututu ya hau ya sauka a cikin bango, iskar da ta taru a ƙololuwar sai ta tare hanya, ruwan ya kasa ture ta.

Bappa mai famfo: Haka ne. Malam, ku haɗu ku huɗun ku buɗe duk famfunan gidan lokaci ɗaya, ka kwance kan shawar ka ajiye, ka cire 'yar ragar bakin famfo ka wanke, don wataƙila yashi ma ya taimaka. Wanda ya fara zuba sosai ba tari, a rufe shi, daga na ƙasa zuwa na sama. Idan naka ya ƙi, nemi guntun tiyo ka haɗa famfonka da wanda yake zuwa kai tsaye daga layi lokacin da ruwa yake da ƙarfi, ka buɗe naka tukuna sannan na layin, minti biyu ko uku. Zai tura iskar ta koma sama, za ka ji tankin yana ɓulɓul. Hita kuma kada ka kunna sai ka buɗe ɓangaren ruwan zafi ka ga yana zuba a miƙe. In abin yana yawan faruwa, ku gaya wa mai gidan a sa bututun iska a bayan makulli, ya miƙe sama ya ɗan wuce tsawon tankin, a lanƙwasa bakinsa ƙasa a ɗaura masa raga.

Baban Sadiq: Na gode Bappa. Famfon tsakar gida daga layi yake, bari in aro tiyo in gwada kafin ruwan ya tafi.